Zaman Ƙotar Bindiga Bisa Jakar Rairayi

Maharban gasa na Amurka, masu harbi daga bisa tebur a yadi 100 ko 200, sukan aza gindin bindiga bisa jakar fata cike da rairayi, mai kunnuwa biyu. To, idan ƙota ta cika faɗi, sai ta hau kunnuwan, ta ƙi zama tsakaninsu. Da an harba sai ta zame gefe, harsashi ya kauce.

Maganinsa, mu riƙa rage rairayin kunnuwan kaɗan kaɗan har ƙota ta sauka, amma kada mu zarce, gama kunnen da ya saki ba ya riƙe kome. Sa'an nan mu ja bindigar baya, mu maido ta. In saiti ya komo inda yake, ta zauna ke nan. In ya ƙi, sai mu nemi jakar da kunnuwanta suka fi nisa da juna.