Hau Ko Hawo? Darasin Nahawu Daga Ruwan Erin-Ijesha

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin nahawu ya ji sunan F. W. Parsons, wanda a shekarar 1960 ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai. Haddace su ba wuya, amma mu da muka koyi Hausa da girmanmu mun san inda gizo ke saƙar, wato wajen magana. A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin aji na shida, aikatau mai ƙarewa da -o, ta hanyar tafiyar da muka yi daga Obalende zuwa ruwan Erin-Ijesha. Dalili kuwa shi ne, hawan dutse yakan tilasta wa mutum ya san inda yake tsaye.

Wurin Da Hanyarsa

Ruwan, wanda Yarabawa ke kira Olumirin, yana ƙaramar hukumar Oriade ta Jihar Osun. Daga tashar Obalende muka tashi da asuba, muka bi ta Ibadan da Ife da Ilesha, sannan muka kama hanyar Akure. Ruwan hawa bakwai ne. A farko akwai matakala ta siminti, amma daga sama sai kama dutse da saiwar itace. Da damina ruwan yana ƙaruwa, santsi ma haka, saboda haka silifa ba ta wannan tafiya.

Ƙa'idar

Aikatau na aji na shida yana nuna aikin ya fuskanto wajen mai magana, kuma karin sautinsa duk sama ne. Dubi waɗannan:

hau, hawo
sauka, sauko
gangara, gangaro
zuba, zubo
miƙa, miƙo

Ina gindin dutsen, sai in ce wa abokina, "Hau, ina bayanka." In kuwa na riga shi kaiwa hawa na biyu, sai in leƙo in ce, "Hawo, akwai wurin kamawa." Dutsen ɗaya ne, aikin ɗaya ne, matsayina ne ya canja. Haka kuma wanda ke ƙasa zai ce ruwa yana zubowa, amma wanda ke sama zai ce yana gangarawa.

Wannan ba ƙawar magana ba ce kawai. A wuri mai santsi, "miƙa hannunka" na nufin ka ba wani, "miƙo hannunka" kuwa ni za ka ba. Wanda ƙafarsa ta fara zamewa ba shi da lokacin tambayar wanne ake nufi.

Ma'ana Ta Biyu

Wannan aji yana kuma nuna an yi aiki a wani wuri, sannan aka zo da sakamakonsa. "Na sayi ruwa a Ilesha" labarin ciniki ne kurum. "Na sayo ruwa a Ilesha" kuwa, ga gorar nan a hannuna. Shi ya sa idan Bahaushen Obalende ko Agege ya ga ka dawo daga tafiya zai ce, "Me ka sayo mana?" Tsaraba yake tambaya.

Wajen Ba Da Labari

A nan ne ake son kula. In kana Legas kana ba da labari, Legas ce ta zama ma'auni. Sai ka ce, "Mun hau dutsen, mun sauko da la'asar, muka taso, muka dawo gida." Kada ka ce "mun hawo", tunda yanzu ba a bisa dutsen kake ba.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa ɗalibi, kafin ka zaɓi aikatau, tambayi kanka: ina nake tsaye, kuma ina aikin ya nufa? Ga aikin yi. Rubuta jimla goma a kan wannan tafiya, biyar kana gindin ruwan, biyar kana hawa na uku, da kalmomin faɗi, leƙa, ɗauka, kai da koma. Ka tuna cewa kai tana zama kawo. In ka gama, ka karanta wa wani Bahaushe a unguwarku ya ji. Da ma an ce matambayi ba ya ɓata.