Yadda Ake Gano Tushen Gajiyar Da Ta Ƙi Wucewa Ga Mata

Gajiyar da mace ke kwasa bayan ta wuni tana girki da wanki da ɗawainiyar yara, barcin dare ɗaya ko biyu kan kawar da ita. Wadda ta cancanci bincike ita ce mai wayar gari tare da mutum: mace ta tashi jikinta a mace, ta ɗan yi tafiya tana haki, ta sunkuya shara ta ɗago jiri ya ɗebe ta, a haka har wata guda. Irin wannan gajiya alama ce ta wani abu da ke ƙarƙashi, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi yawan kasancewa a ƙarƙashin shi ne ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da shi. Saboda haka tsarin da ya dace shi ne awo tukuna, sannan magani.

Za ki fara da lura da jikinki na mako biyu. Ki riƙe kwana nawa al'adarki ke yi, da sau nawa kike sauya ƙunzugu a rana, da ko gudan jini na fita. Ki ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi: cikinta ja ne sosai, ko ya yi fari fat? Ki kuma lura ko ranki na biya miki farar ƙasa ko tauna ƙanƙara. Ana ɗaukar wannan kwaɗayin a matsayin ɗabi'ar mata kawai, alhali likitoci sun daɗe da sanin yana tafiya tare da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, sinadarin da ɓargo ke haɗa jini da shi.

Daga nan sai asibiti, ki nemi a auna miki jini. A yawancin asibitocinmu gwajin PCV ake yi, wasu kuma su auna hemoglobin. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, hemoglobin ƙasa da giram 12 ga macen da ba ta da ciki, ko ƙasa da 11 ga mai ciki, ƙarancin jini ne. A lissafin PCV wannan ya yi daidai da kusan kashi 36 da kashi 33. Inda hali ya yi, a haɗa da gwajin feritin, domin ajiyar ƙarfen jiki kan ƙare tun kafin jinin ya nuna ya yi ƙasa, mace na jin gajiya ana ce mata lafiyarta ƙalau. Wata za ta ce da ta biya kuɗin awo gara ta sayi maganin ƙarin jini a kemis. Amsa ita ce, kwalabe biyu ko uku na wannan ruwan maganin sukan fi kuɗin awon, kuma ba kowane ƙarancin jini ke son ƙarfe ba. Mai sikila, alal misali, musamman wadda aka sha yi wa ƙarin jini, ƙarfen zai iya yi mata yawa ya cutar da ita. Ƙarin ruwa kuwa, da wasu ke roƙo a ɗaura musu da zarar sun ji kasala, ba ya ƙara ko ɗigon jini.

Idan an tabbatar jinin ya yi ƙasa, abin tambaya na gaba shi ne ta ina yake tafiya, don zuba ruwa a tulun da ke yoyo wahalar banza ce. Al'adar da ta wuce kwana 7, ko mai jiƙe ƙunzugu cikin awa ɗaya ko biyu, ta wuce ƙa'ida, kuma sau da yawa ƙarin mahaifa ne ke haddasa ta, wanda hoton ciki ke nunawa. Zazzaɓin cizon sauro na farfasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki na tsotsarsa ta hanji, tsargiya na fitar da shi ta fitsari. Sai haihuwa a kai a kai. Ciki na ɗaga buƙatar ƙarfe daga kimanin miligiram 18 a rana zuwa 27, ga jinin da ake zubarwa wurin haihuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ɗaukar wani cikin. Wannan magana ce ta mata da miji, kuma kyautuwa ya yi shi ma ya ji ta daga bakin ma'aikaciyar lafiya.

Ƙwayar maganin ƙarfe, idan likita ya rubuta, ana shan ta da ruwa ko ruwan lemo. Za ta mayar da bayan gida baƙi, wani lokaci ta taurara shi. Wannan ba dalilin dainawa ba ne, sai dai a koma a sassauta yadda ake sha. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye ta da zarar ƙarfi ya fara dawowa, alhali ana ci gaba da sha kimanin wata 3 bayan jini ya daidaita domin ajiyar ta cika. A ɓoye ta inda hannun yara ba ya kaiwa, guba ce gare su idan sun haɗiye da yawa.

A fannin abinci, ƙarfen da ke cikin nama da hanta da kifi ya fi saurin shiga jiki, ko da yake mai ciki ta taƙaita hanta saboda yawan bitamin A da ke cikinta. Wake da zogale da alayyahu da gero da riɗi suna da nasu, sai dai jiki ba ya ɗibarsa sosai sai an haɗa da mai bitamin C, kamar lemo, gwaba, ɗanyen tumatir ko garin 'ya'yan kuka. Kwaɗon zogale da tumatir da matsin lemon tsami ya fi lemon malti da madara da ake yi wa kallon maganin jini nesa ba kusa ba, don madara ba ta da ƙarfen kirki. Shayi kuwa yana tare ƙarfe a hanji, a ba shi tazarar awa guda daga abinci ko magani.

Idan awo ya nuna jini lafiya lau, kada a tsaya nan a ce lalaci ne ko son jiki. A duba sukari, a duba maƙoƙo, domin raunin aikinsa na kawo kasala da jin sanyi da ƙiba ba dalili. A ƙirga barci da gaskiya: babba na buƙatar aƙalla awa 7, kuma macen da ke kwanciya ƙarshen kowa ta tashi kafin asuba ba ta samun su sai an rage mata aiki. Ciwon damuwa ma, musamman bayan haihuwa, yakan zo da mutuwar jiki da rashin jin daɗin komai, kuma yana da magani.

Mai jego dai kada ta jira mako biyun lura. Idan gajiyarta ta haɗu da kumburin ƙafa, da tari, da kasa numfashi in ta kwanta rigingine, a kai ta asibiti a ranar. Ciwon zuciyar da ke biyo bayan haihuwa ya yi yawa a arewacin Najeriya, likitoci a Zariya da Kano sun daɗe suna nazarinsa, kuma kunun kanwa, saboda gishirin da ke cikinta, yana ƙara wa zuciyar da ta raunana nauyi.