Ka Zauna Ko Ka Tafi?

Karatu: Farawa 31:1-16

Ɗan'uwa, kana tallan kayan sabon kamfani daga Likoro har kasuwar Makarfi, ga albashi ya maƙale wata uku? Dubi Yakubu. Shekara 20 yana yi wa Laban aiki, sau goma ana canja masa lada, amma bai tashi ba sai da Ubangiji ya yi magana, ya kuma shawarci Rahila da Lai'atu.

Kai ma ka yi azumi da addu'a, ka shawarci iyalinka. In tafiya ce, ka miƙa kuɗin ciniki da ragowar kaya cif. In kuwa ana sa ka yi wa masu saye ƙarya, kada tsoron yunwa ya riƙe ka.

Addu'a: Ruhu Mai Tsarki, ka bishe ni, cikin sunan Yesu. Amin.