Darasi Kan Shan Barasa a Gidajen Ɗaliban Jami'a a Ingila

A jami'o'in Oksfod da Kembirij galibin ɗalibai suna zaune cikin kwaleji, watau gida mai ɗakunan kwana da zauren cin abinci. Kembirij kaɗai tana da kwaleji 31. Yawancinsu suna da ɗakin sayar da giya, dokar ƙasar kuwa ta yarda wa mai shekara 18 ya saya.

Haɗarin ya fi yawa a makon farko, cikin watan Oktoba, sa'ad da baƙo ke neman abokai. Akwai wata al'ada wurin cin abinci: in aka jefa wa mutum kwabo cikin kofinsa, sai ya shanye nan take. Yaro yakan sha don gudun ba'a, ko da ransa bai so ba.

Hanta kuwa ba ta iya sarrafa fiye da kamar awo ɗaya na barasa cikin sa'a guda, alhali babban kofin giya awo biyu ne. Abin da ya yi saura yakan taru cikin jini, har ya kan tsai da numfashi. A 2016 wani ɗalibin jami'ar Niyukasil ya rasu bayan irin wannan sha a bikin karɓar baƙi.

Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su gargaɗi iyayen yaran da za su tafi karatu can. A sanar da yaro tun yana gida cewa ba dokar jami'a da ta tilasta masa sha, kuma ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi suna nan, ya neme su ranar da ya sauka. Rigakafi ya fi magani.