Wasiƙun Harriet Beecher Stowe

Harriet Beecher Stowe marubuciya ce 'yar ƙasar Amurka. An haife ta a 1811, ta rasu a 1896. A zamaninta ana saye da sayar da baƙar fata a jihohin kudancin ƙasar, ana sa su noman auduga ba lada. Littafinta Uncle Tom's Cabin, wanda ya fito a 1852, ya sa jama'a da yawa suka tsani bauta. Mai son sanin yadda littafin ya samu, sai ya duba wasiƙunta.

A 1850 aka kafa dokar da ta ce duk bawan da ya gudu arewa, a kamo shi a mayar wa ubangidansa. Matar yayanta Edward ta rubuto mata cewa tunda tana da baiwar rubutu, ta rubuta abin da zai farkar da ƙasar. A 1851 Harriet ta aika wa Gamaliel Bailey, editan jaridar National Era, cewa tana da labari da zai fito kashi uku ko huɗu. Ashe labarin, wato Uncle Tom's Cabin, sai ya kai wata goma ana buga shi mako-mako.

Ba ta taɓa aiki a gonar auduga ba, kuma ba ta ji kunyar tambaya ba. Ta rubuta wa Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ta roƙe shi ya haɗa ta da wanda ya san wannan aiki da hannunsa.

Wasiƙar da ta fi ratsa jiki ita ce ta Disamba 1852, zuwa ga wata mata mai suna Eliza Follen. A ciki ta faɗi yadda take rubutu tsakanin raino da girki don cefanen gida, har da cewa kuɗinta na farko katifa ta saya da su. Sannan ta ambaci ɗanta Charley, wanda kwalara ta kashe a Cincinnati a 1849, yana da shekara ɗaya da rabi. Ta ce a bakin kabarinsa ta gane abin da baiwa ke ji idan aka ƙwace mata ɗa aka sayar.

An yi ta kwafar wannan wasiƙa hannu da hannu a Ingila. Marubuciya George Eliot ta karanta ta, kuma daga 1869 su biyun suka shiga rubuta wa juna, ko da yake ba su taɓa haɗuwa ba.