Laka da rairayi wajen koyar da siffofin ƙasa

Kalmar "dutse" ita kaɗai tana ɗauke da ma'anonin da Faransanci ya raba uku: pierre, rocher da montagne. Saboda haka ɗan firamare yakan haddace kalmar littafi ba tare da ya san abin da take nufi ba.

Maganin wannan yana farfajiyar makaranta. Yara su kwaɓa laka da rairayi, su gina tudu, su haƙa kwari, sa'an nan malami ya tsiyaya ruwa daga buta. Inda ruwan ya bi, gulbi ke nan, kamar Gulbin Maraɗi. Inda ya kwanta, tabki, kamar na Madarunfa. Gefensa mai damshi kuwa, fadama. Sai bayan haka a kawo kalmar Faransanci, domin ta tarar da ma'ana tana jiran ta.