Juji Amana Ne: Bayani a kan Gyaran Ramin Sharar Masana'anta Bayan Ruwa Ya Yi Masa Ɓarna

 Ya kai mai karatu, ka sani duk magidancin da ke zaune a ƙarƙashin soro ya san cewa rufin ɗaki ba a gama shi, domin kowace shekara, tun hadarin farko bai taso daga gabas ba, sai ya kira magini ya hau ya duba inda yaɓe ya tsage, ya gyara indararo, ya tumɓuke ciyawar da ta tsiro. Wanda kuwa ya yi sakaci da wannan, to, damina ce za ta hukunta shi, ba alƙali ba. Akwai wani irin rufi wanda ya fi na soro girma da haɗari, shi ne rufin ramin da masana'antu ke binne shararsu, kuma maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake gina shi, da yadda ruwan sama ke lalata shi, da yadda ake gyara shi bisa ƙa'ida, da kuma haƙƙin da talakan da ke maƙwabtaka da shi yake da shi a kansa.

Fasali na farko: Yadda ake gina ramin

Jujin unguwa, komai muninsa, yawancin abin da ke cikinsa ruɓewa yake yi ya koma taki, har manomi ya zo da jaki ya kwasa. Sharar masana'anta kuwa, kamar tokar kwal daga tashar lantarki, ko dagwalon masana'antar jima, ko ƙasar da aka tace ma'adini daga gare ta, tana ɗauke da dalma da zaiba da asinik da kuromiyom, waɗanda ba sa ruɓewa ko da an shekara ɗari, sai dai su tashi daga wuri su koma wani wuri, kuma ruwa ne abin hawansu. Saboda haka dukan hikimar gina irin wannan rami ta tattaru a kan magana guda, wato a raba tsakanin shara da ruwa.

A ƙasar Amurka, ƙa'idar da hukumar kare muhalli ta tarayya ta fitar a 2015 a kan tokar kwal ta shar'anta cewa sabon rami sai an daɓe gindinsa da yumɓu mai kaurin ƙafa 2, sa'an nan a shimfiɗa roba mai ƙarfi a bisansa, a kuma jera bututu waɗanda za su tattara ruwan da ya tsiyayo ta cikin shara, don a kai shi inda za a tace shi. In rami ya cika, sai a rufe shi da ƙasa mai hana ruwa shiga, kaurin inci 18, a ɗora wata ƙasar ta inci 6 wadda ciyawa za ta kama. A kewayensa kuma a haƙa magudanai waɗanda za su iya ɗaukar ruwan yini da kwana na irin mamakon da ake tsammani sau ɗaya a shekara 25. Ka riƙe wannan adadi na ƙarshe a zuciyarka, domin zai dawo mana.

Fasali na biyu: Abin da ya faru a tashar Sutton

A kusa da birnin Wilmington, cikin jihar Karolina ta Arewa, a bakin kogin Cape Fear, akwai tashar lantarki mai suna Sutton, mallakar kamfanin Duke Energy, wadda ta daina ƙona kwal a 2013 ta koma iskar gas, amma ta bar tokar shekaru masu yawa jibge a cikin tsofaffin tafkuna marasa shimfiɗa. Shi wannan kamfani ya riga ya ɗanɗana kuɗarsa, domin a watan Fabrairu na 2014 wani bututu ya fashe a wata tasharsa, toka kimanin tan 39,000 ta malala cikin kogin Dan, majalisar jiha ta yi doka ta musamman a kan tokar kwal a wannan shekara, a 2015 kuma rassan kamfanin suka amsa laifin keta dokar tsabtar ruwa a gaban kotun tarayya, aka ɗora musu dala miliyan 102 na tara da diyya. A bisa wannan ne aka shiga kwashe tokar Sutton ana mayar da ita wani sabon rami mai shimfiɗa a harabar tashar.

Ana cikin wannan aiki, ranar 14 ga Satumba, 2018, mahaukaciyar guguwar da aka laƙaba wa suna Florence ta sauka a gaɓar tekun da ke dab da Wilmington, ta kuma yi tsaye a kan yankin tana zubar da ruwa kwana da kwanaki, har wasu garuruwan jihar suka sami fiye da inci 30, abin da ya yi kusa da ruwan da ƙasar Kano ke samu a damina sukutum. Kashegari kamfanin ya ba da sanarwa cewa wani gefe na sabon ramin ya zaizaye ya zame, kuma tokar da ta motsa za ta cika tifa wajen 180. Ya ce mafi yawanta ta tsaya a cikin magudanar da ta kewaye ramin da hanyar motocin da ke gefensa. Bayan 'yan kwanaki kogi ya kawo, ya fasa madatsar wani tafki da ke jikin tashar, hanyoyin shiga birnin duk sun nutse, ƙungiyoyin masu kula da koguna suka shiga da kwalekwale suka ɗebi ruwa don awo, jayayya ta tashi tsakaninsu da kamfanin a kan yawan gubar da ta fita.

Abin lura a nan, wanda ya kamata mai hankali ya tsaya a kansa, shi ne ramin da ya zame sabo ne, an gina shi bisa ƙa'idar zamani, a ƙasar da ke da injiniyoyi da kuɗi. Abu biyu suka haɗu a kansa: rami wanda ake kan zuba masa shara gefensa a buɗe yake, bai sami rufinsa na ƙarshe ba, ruwan da ya sauka kuma ya zarce abin da aka yi lissafin magudanai a kansa nesa ba kusa ba. Ashe cika sharaɗin doka shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema ga mai rami, kamar yadda farilla take ga mai ibada, wanda kuma ya tsaya a kanta cif ba shi da abin da zai cike giɓi ran da giɓi ya samu.

Fasali na uku: Tsarin gyara

Ruwa ba ya fara ɓarnarsa da kwazazzabo. Da ɗan siririn layi yake farawa a jikin gangare, wanda ɗan yatsa zai iya sharewa, sai ruwa na biyu ya bi sawun na farko ya zurfafa shi, na uku ya ci gefensa, har ya kai ga roba ko ga shara kanta. Don haka ne ƙa'idar da muka ambata ta wajabta wa mai rami ya sa wanda ya san aikin ya zagaya shi aƙalla sau ɗaya a kowane kwana 7, injiniya mai lasisi kuma ya yi masa cikakken bincike kowace shekara.

In ɓarna ta riga ta auku, matakin farko shi ne a tsare abin da ya fita kada ya ci gaba da tafiya, ta hanyar jera buhunan yashi, da kafa shingen yadi mai tace laka, da lulluɓe wurin da ya buɗe da tamfol, da karkatar da ruwan da ke gangarowa daga sama zuwa wata hanya. A daidai wannan lokaci, ba bayan an gama share wurin ba, ake sanar da hukuma, a ɗauki hotuna, a auna tsawon tsagar da zurfinta, a ɗebi ruwa da laka daga sama da wurin da kuma ƙasa da shi, domin awon da aka yi bayan mako biyu shaida ne wanda ya zo bayan an tashi daga shari'a.

Mataki na biyu shi ne binciken sanadi, kuma a nan ne mafi yawan masu gyara ke yin kuskure, domin abu mafi sauƙi shi ne a kawo katafila ta tura ƙasa cikin kwazazzabo ta baje, ido ya ga wuri ya yi sumul, alhali magudanar da ta toshe tana nan a toshe, gangaren da ya cika tsayi yana nan da tsayinsa, ruwan baɗi kuma ya san hanyarsa. Wajibi ne a tambaya: shin magudana ce ta yi ƙanƙanta, ko laka ce ta cika ta, ko ƙasa ce ba ta daɓu ba, ko ciyawa ce ba ta kama ba, ko kuwa ruwa ne ya taru a ƙarƙashin rufi ya sa shi ya sulluɓe a kan roba?

Mataki na uku shi ne ginin kansa. Ana kwashe duk ƙasar da ta jiƙe ta saki har a kai ga mai ƙarfi, a mayar da sharar da ta fita cikin ramin, a duba robar, inda ta yage a yi mata faci da injin zafi a kuma gwada ɗinkin. Daga nan sai a mayar da yumɓu kaɗan kaɗan, kowane shimfiɗi a yayyafa masa ruwa a daɓe shi a auna ƙarfinsa kafin a ɗora wani, daidai da yadda mata ke daɓen ɗaki, ba a zuba ƙasar gaba ɗaya. In gangare ya yi tsawo, a yanka masa matakala don a karya gudun ruwa, a yi wa ruwan hanyar sauka da aka jera wa duwatsu ko aka ɗaure su cikin ragar waya, a kuma yashe kududdufin da laka ke kwantawa a ciki. A ƙarshe a shuka ciyawa mai kama ƙasa, a rufe ta da tabarmar ƙaiƙayi har ta yi ƙarfi. Amma ban da itace, domin saiwarsa huda rufi take yi, ban da kiwo kuma, domin kofato da baki su ke mayar da gangare tsirara.

Mataki na huɗu, wanda raggo ke rainawa, shi ne rubutu: injiniya ya sa hannu ya shaida cewa gyara ya dace da tsari, a ajiye takardar, a aika wa hukuma. A Amurka ƙa'idar ta tilasta wa masu tokar kwal su buga irin waɗannan rahotanni a intanet inda kowa zai gani, su haƙa rijiyoyin awo, aƙalla ɗaya a sama da rami da uku a ƙasa da shi, su kuma ci gaba da kula da wurin shekara 30 bayan rufe shi. Dalilin wannan a fili yake, domin manaja yakan yi ritaya, kamfani yakan canja hannu, amma dalma tana nan inda aka binne ta.

Fasali na huɗu: Rabonmu a cikin wannan magana

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. Dokar muhalli a Nijeriya ita kanta shara ce ta haife ta, domin bayan an gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, a wannan shekara gwamnatin soja ta yi dokar hukunta masu zubar da shara mai cutarwa, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wadda hukumar NESREA ta gaji aikin tilasta dokokinta a 2007. A Kano, unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa suna zaune ne a kan magudanan da ke kai ruwa ga kogunan Jakara da Chalawa, inda masu lambu ke ban ruwa. A Zamfara kuwa, bayan annobar gubar dalma ta 2010 wadda ta kashe yara fiye da 400, ƙasar da aka kankare daga gidaje da tsakar ƙauyuka an binne ta ne a ramuka da aka tanada, kuma kowane ɗayansu rufi ne mai bukatar a duba shi gabanin damina da bayanta.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware asalin wannan mas'ala a babin lamuni, inda suka yi bayanin katangar da ta karkata: in an gargaɗi mai ita a gaban shaidu, ya sami lokacin gyara bai gyara ba, sa'an nan ta faɗa wa wani, to, lamunin abin da ta hallaka yana wuyansa, ba zai fake da cewa iska ce ta kayar da ita ba. Ruwan sama hukuncin Allah ne, ba mai tsayar da shi. Amma magudanar da aka bari ta toshe aikin ɗan Adam ne, kuma shi za a tambaya.

Sai dai ka lura, ya ɗan'uwa, a cikin wannan hukunci akwai aikin da ya hau kan maƙwabci, shi ne gargaɗi da kafa shaida. Saboda haka in kana zaune kusa da irin wannan wuri, ka gan shi ya tsage bayan ruwa, ko ka ga ruwa mai launi ko mai wari yana fitowa daga gindinsa, to, ka hana yara da dabbobi zuwa wurin, kada ka ɗebi ƙasarsa don cikon gida ko taki, ka riƙe ranar da ka gani, ka ɗauki hoto in kana da hali, ka sanar da mai unguwa ko dagaci, ku rubuta takarda zuwa ga masana'antar da ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NESREA, ku ajiye kwafinta. In an zo gyara, ku tambayi abu uku cikin ladabi: mene ne sanadin zaizayar, ina aka kai abin da ya fita, kuma yaushe za a auna ruwan rijiyoyinku a faɗa muku sakamako. Mutanen Karolina ta Arewa da irin wannan naci na shekaru, na awo da takarda da zuwa kotu, suka kai ga yarjejeniyar da aka bayyana a farkon 2020, wadda ta wajabta wa kamfanin kwashe toka kusan tan miliyan 80 daga tsofaffin tafkunansa zuwa ramuka masu shimfiɗa.

Allah Ya ba shugabanni ikon tsayar da doka, Ya ba masu masana'antu tsoron haƙƙin maƙwabta, Ya sa ruwan da ke sauko mana ya zama na albarka. Amin.